Da Ke Ce Rabi, Za Ki Koma?

Mu huɗu ne a ɗakin Anti da ke Unguwar Rimi, an turo ƙofa saboda yara, ga awara da zoɓo. Anti ta daɗe tana rubuta littattafan soyayya, tun zamanin da muke karɓo hayar littafi a shagunan Tudun Wada muna ɓoyewa cikin jakar Islamiyya.

Amaryarmu ce ta tayar da zancen. "Anti, don Allah me ya sa kike barin azzalumin miji ya sha a ƙarshe? Ni so nake in ga ya wulaƙanta."

Anti ta yi dariya. "Wanda ya wulaƙanta ai kun gan shi. Kin karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu? Tun 1990 ya fito. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Gobara ta cinye shagonsa, Delu ta juya masa baya. To, sai me? 'Yan uwa suka taru a kan Rabi sai ta karɓe shi. Da ke ce, za ki koma?"

"Allah ya kiyaye!" in ji amarya.

Yaya, wadda ta girme mu duka, ta ajiye kofi. "Kada ki cika baki, yarinya. Uban 'ya'yanki ne. Ranar auren 'yarki wa za a nuna?"

"Kin ji inda nake tsayawa kullum in zan rubuta ƙarshe," in ji Anti. "Mugun miji ba ya ba ni wahala, a zama ɗaya nake gama shi. Masu cewa a yi haƙuri su ne ke hana ni barci. Ranar da aka watso wa mace kaya, ba wanda ya aiko mata da mudun masara. Da ta tsaya da ƙafafunta, sai ga su da nasiha. Kuma ba miyagu ba ne, iyayenmu ne, kawunnanmu ne. Gobe ni ma zan iya zama ɗaya daga cikinsu."

Na ce to ina soyayyar take? Ai a littafin So Aljannar Duniya da Hafsat Abdulwaheed ta fitar a 1980, Boɗaɗo ta kafe a kan son Yasir duk da adawar dangi.

Anti ta ce, "Wannan son kafin a shiga ɗaki ne, yana da daɗin rubutawa. Wanda ke bayan kuɗin haya da na makaranta da jinyar uwar miji, shi ne mai wuya. Wata baiwar Allah daga Kawo ta kira ni da dare, ta ce labarinta na rubuta, wa ya gaya mini? Wallahi ban taɓa ganinta ba."

Yaya ta ce ita dai har yanzu tana ganin Rabi ta yi daidai. Amarya ta ce an cuce ta. Ni ina bayan amarya, don wanda aka tilasta masa yafiya ba a ba shi haƙƙinsa ba. Anti ta ƙi raba gardamar, ta ce mu bari sai sabon littafinta ya fito bayan Sallah, kuma kowa da kuɗinta za ta saya, ba aro.