Gidan Banting a Landan ta Kanada, Inda Tunanin Insulin Ya Tsiro

Ba Ingila kaɗai ke da Landan ba. Akwai wata a lardin Ontariyo na Kanada, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Toronto. A titin Adeled, lamba 442, wani tsohon bene ne na bulo yake tsaye, wanda da wuya baƙo ya waiwaye shi in ba don mutum-mutumin da ke filin gefensa ba, da kuma wata wuta da ke ci dare da rana. Mahaifiyar Sarauniya Elizabet ta Biyu ce ta kunna ta a 1989, da alkawarin ba za a kashe ta ba sai ranar da aka samo abin da ke warkar da ciwon sukari gaba ɗaya. Har yau tana ci, domin insulin riƙe mai ciwon yake yi, ba ya raba shi da ciwon.

A wannan gida Firedirik Banting ya buɗe wurin duba marasa lafiya a watan Yulin 1920, yana matashin likitan tiyata da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da rauni a hannu da lambar jarumta. Kasuwa ba ta buɗe masa ba. A watansa na farko dala 4 kacal ya samu, sai ya haɗa da koyarwa a jami'ar garin don ya rufa wa kansa asiri. A ɗakunan ƙasa za ka ga kayan aikin likitan wancan zamani da kwalaben magani, ga kuma zane-zanensa na ƙauyuka da dusar ƙanƙara, don mutumin ya iya fenti ƙwarai.

Ɗakin kwanan da ke sama shi ne zuciyar gidan. Ƙarami ne, gadon ma na talaka. A nan ya farka wajen ƙarfe biyu na daren 31 ga Oktoban 1920, bayan ya kwanta da karatun wata maƙala ta Moses Baron a kan fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta kalmomi 25: a ɗaure hanyar ruwan fankiriyas ɗin kare, ɓangaren da ke narkar da abinci ya shanye, a tatso abin da ya rage. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasiƙun da maziyarta ke bari a ɗakin. Wasu rubutun yara ne, haruffa manya a karkace, wasu na iyayen da 'ya'yansu ke rayuwa da allura. Duk godiya suke wa mutumin da ya rasu tun 1941 a haɗarin jirgin sama.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Tunanin daren nan bai zama magani ba sai da aka sha wuya a Toronto, a ɗakin binciken Farfesa Jon Makilawud, tare da ɗalibi Cals Best da masanin sinadarai Jems Kolif. Daga baya ma an gane ɗaure hanyar nan ba dole ba ne, fankiriyas ɗin shanu daga mahauta ya wadatar. Kuma labarin wannan wahala hanya ce ta fahimtar wasu kalmomin da masana magunguna ke amfani da su a yau.

Insulin ɗan gidan peftayid ne. Peftayid kamar carbi yake: ƙwayoyi ne da ake kira amino asid, an shirya su a jere, kuma yadda aka jera su shi ke sa kowane ya yi aikinsa. Idan jerin ya yi tsawo sosai sai a kira shi furotin. Masana sukan ja layi wajen ƙwaya 40 zuwa 50. Insulin na da 51 a zare biyu, ɗaya 21 ɗaya 30, ke nan a bakin iyaka yake zaune. Firedirik Sanga na Kambirij ne ya gano jerinsu, aka ba shi kyautar Nobel a 1958. Wannan ƙira ce ta sa ba a haɗiyar insulin: ciki zai narkar da shi yadda yake narkar da kowane abinci mai furotin. Galibi akan bi da shi ta ƙarƙashin fata, ya shiga jini, ya je ya sami makarɓarsa a jikin ƙwayoyin halitta, su buɗe wa sukari hanya.

Kafin 1922, yaron da ya kamu da wannan ciwo yunwa ake sa shi don a ɗan ja kwanansa, har ya koma fata da ƙashi. Haka Lenad Tomsin yake, ɗan shekara 14, lokacin da aka yi masa allurar farko ranar 11 ga Janairun 1922 a babban asibitin Toronto. Ba ta yi wani tasiri ba, wurin ma ƙurji ya yi, saboda ruwan bai tsarkaka ba. Kolif ya duƙufa ya tace shi, aka sake ranar 23 ga watan, sukarin yaron ya sauka, ƙarfinsa ya dawo. Ya ƙara shekara 13 a duniya. Daga nan aka koyi darasi biyu da har gobe suke tafe da kowane magani: tsabtarsa, da kuma awonsa, domin insulin in ya yi yawa sukari kan faɗi har mutum ya suma.

A yau ba a kai sabon magani gadon yaro kai tsaye haka. Bayan gwaji a ɗakin bincike da kan dabbobi, sai mataki na farko a kan mutane kaɗan, a ga ko jiki zai ɗauka. Na biyu a kan masu ciwon, a nemo awon da ya dace. Na uku ya kan haɗa ɗaruruwa ko dubbai, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu a ba su sabon, wasu tsohon magani ko abin da ya yi kama da shi amma babu komai a ciki, sau da yawa likita da majinyaci duk ba su san wanne ne wanne ba. Sama da duka akwai yardar mutum bayan an fahimtar da shi da harshen da yake ji. Mu da muka san abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, ba ma ɗaukar wannan sharaɗi da wasa.

Zuriyar insulin ta yaɗu. Tun 1982 ake sayar da wanda ƙwayoyin bakteriya ke yi da ƙirar na ɗan Adam. Ga kuma sababbi irin su Ozempic, masu kwaikwayon wani peftayid na hanji. A nan ake maganar rabin wa'adi, wato lokacin da rabin magani ke ɗauka kafin ya bar jini. Na hanjin minti biyu ne, wanda aka gyara kuwa kusan mako guda, shi ya sa allura ɗaya ke isa a mako.

A 1923 Banting da Best da Kolif suka miƙa wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakar insulin a kan dala ɗai-ɗai, don kada wani ya killace shi. Shekara ɗari ke nan da 'yan kai, amma a garuruwanmu magidanci na iya raba kwalba ɗaya ta yi masa kwanakin kwalba biyu saboda tsada. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 da 8, alhali a bazara zafi kan haura 40 kuma wutar lantarki sai an ga dama, har wasu kan ajiye tasu a gindin randa. Ya kamata farashin insulin da firjin ajiye shi su shiga lissafin kowane asibitin ƙaramar hukuma, kamar yadda allurar rigakafi ta shiga.