Daga Kanambakashe zuwa Maraɗi neman moto mai garanti



Kanambakashe tana cikin jihar Maraɗi, tsakanin Mayahi da Tasawa, bakin Gulbin Kaba. Gulbin ba ya riƙe ruwa sai ɗan abin da damina ta bari, amma goriba ta cika shi. Nan mata suke samun kabar saƙa tabarma da igiya. Ƙasarmu ta gero ce da wake da gyaɗa, kuma ƙasar rairayi ce. Ku riƙe maganar rairayin nan, don ita ce ta fi shafar mai moto.

Da can, jaki da amalanke da raƙumi su ne sufurinmu. Mobilet sai malamin lekol ko malamin gona. Yanzu ku dubi ranar kasuwa, babura a jere ƙarƙashin itace kamar garken awaki. Da moto ake kai mai naƙuda gidan likita cikin dare. Da shi makiyayi yake zuwa duba inda ciyawa ta fito kafin ya kora dabbobi. Da shi samari suke kabu-kabu su ci da gida lokacin rani. To amma kuɗinshi ba na wasa ba ne. Sai an saida sa, ko an taɓa rumbu sosai. Wanda aka cuta wajen sayen moto, iyalinshi ne za su ji a jikinsu idan bazara ta zo.

Bayan kaka, mutum biyu daga cikin ɗaliban ajinmu na yaƙi da jahilci suka ce in raka su. Ɗaya manomi ne, ɗaya makiyayi. Sun iya karatun Hausa, amma takardun ƴan kasuwa da Faransanci ake rubuta su. Kuma wani ɗan ci-rani ya gaya musu akwai garanti mai tsawo da ake saye, wanda in moto ya lalace sai a gyara kyauta. Muka ce mu je mu gani da idonmu.

Mun fara da Tasawa, don ita ce kusa. Masu saida sabon moto ba su da yawa, kuma kuɗinsu ya ɗan ɗara na Maraɗi. Amma mai shagon ya san garinmu, ya san maigari, in an yi bincike ma ya san surukinka. Mutumin da zai gan ka kowace kasuwa yana jin kunyar ya saida maka ruɓaɓɓen abu. Akwai kuma dillalai masu saida na hannu. Su dai bakinsu zuma ne. Ku tuna dillali da la'ada yake ci, kuma la'adar cikin kuɗinka take, ko an faɗa maka ko ba a faɗa ba. Ba mu sayi komai ba. Mun rubuta kuɗin da aka faɗa mana cikin littafi, muka wuce.

Daga Tasawa mota ta ɗauke mu bisa kwalta, muka yi yamma. Muka wuce Gazawa, da Agye, da Caduwa. Tafiyar kusan kilomita 120 ce kafin a shiga Maraɗi.

Maraɗi gari ne na Alhazai ƴan kasuwa, kuma babura a can sai wanda ka zaɓa. Akwai na ƙasar Sin, kamar Kasea da Haojue. Akwai na Indiya, kamar Bajaj Boxer da TVS. Na Japan, wato Yamaha da Honda, sun fi ƙarfin aljihun talaka. Mun shiga shago biyar. Moto iri ɗaya, launi ɗaya, amma kowa da kuɗin da ya faɗa.

Wani abu cikin tsadar ba laifin mai shago ba ne. Da, kayan ƙasarmu ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano suke shigowa. A 2023 aka rufe gadar Gaya, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru, aka ɗora ma mai saye. Wani abu kuma mu ne muke jawo shi. Da kaka kowa yake zuba hatsi kasuwa, hatsi ya faɗi. Da kaka kuma kowa yake son moto. Mai shago yana ganinka da ƙurar ƙauye ya san ka saida wake jiya. Wanda ya iya ajiye wakenshi ya jira wata uku ko huɗu, galibi buhunan da zai saida ba za su kai na mai gaggawa ba.

Ga yadda muka yi ciniki. Ba mu nuna kuɗi ba. Ba mu tsaya muna shafa wanda ya fi burge mu ba. Sai manomin ya ce, "Alhaji, nawa wannan?" A faɗa. Ya taya, a ce albarka. Sai ya buɗe littafi ya karanta abin da aka faɗa mana a Tasawa da shagon baya. Nan fa fuskar mai shago take sakewa, don ya ga mutumin ya iya rubutu. Kuma kowane shago mun yi tambaya ɗaya: kuɗin nan, da mi da mi ke cikinshi? Wani kuɗinshi na moto cikin kwali ne, haɗawa daban. Wani babu batir mai kyau, babu madubi, babu hular kwano. Wani kuma ya fi kowa sauƙi, amma da muka tambayi takardar duwan sai ya shiga kame-kame. Araha ba ta ado.

Yanzu maganar garanti. Garanti alkawari ne. Kamfani ko mai shago ya ce, in abin nan ya lalace cikin lokaci kaza saboda laifin ƙira, ni zan gyara ko in sake maka. A ƙasashen da ake ƙera babura abin yana da ƙarfi. A Indiya, kamfanin Hero ya fara ba da garanti na shekara 5 ko kilomita 70,000 tun 2013. A Amurka da Faransa, in garantin kamfani ya ƙare, mutum yana iya biyan kuɗi a ƙara mishi shekaru. Shi ne garanti mai tsawo da ɗan ci-ranin ya ji labari. Bai yi ƙarya ba. Sai dai a can kowane gari akwai garejin kamfani, da kayan gyara a ajiye, da littafin da ake buga hatimi duk lokacin da aka juye baƙin mai.

Kuma ko a can, garanti ba ya ɗaukar abin da tafiya take cinyewa. Taya, sarƙa, birki, buji, ƙwan fitila, duk naka ne. Ba ya ɗaukar haɗari. Ba ya ɗaukar moton da aka ɗora ma buhu uku da mutum biyu. Ba ya ɗaukar injin da ya sha gurɓataccen mai, ko wanda wani makanike na waje ya buɗe. To ku duba da kyau. Abin da rairayin Gulbin Kaba yake ci, sarƙa ce da taya. Abin da ƙurar hunturu take kashewa, inji ne, in ba a wanke matatar iska ba. Man da muke sha, sau da yawa na kwalba ne wajen ƴan ruwa-ruwa, don gidan mai ya yi mana nisa. Wato yawancin ciwon moto na ƙasarmu, garanti ba maganinshi ba ne.

Cikin shago biyar ɗin nan, uku sun ce garantinsu daga bakin ƙofa ya ƙare. Ɗaya ya ce wata uku bisa inji, amma da baki. Na biyar ya ce in mun ƙara kuɗi zai ba mu shekara guda. Na ce, "Alhaji, a rubuta mana, a sa hatimi." Ya ce ai shi maganarshi ta fi takarda. Mai yiwuwa mutumin kirki ne. Amma in ya tafi Makka, ko ya sake shago, ko Allah ya yi mishi rasuwa, yaron shago bai san da zancen ba. Biyan kuɗi bisa alkawarin da ba a rubuta ba, cinikin biri a sama ne.

Mu ce ma ya rubuta. Mu yi lissafi irin na aji. Misali an ce garantin jika 25. Wata shida bayan nan inji ya tsaya a Kanambakashe. Sai ka nemi motar da za ta ɗauke shi zuwa Tasawa, ka sake wata zuwa Maraɗi. Ka biya naka, ka biya na moto. Ka ci abinci, ka kwana, a ce ka dawo mako mai zuwa don kayan ba su iso ba. In da damina ne, ga noma yana jiranka. Kafin ka gama, ka kashe abin da ya fi kuɗin gyara wajen makaniken garinku. A ganina jika 25 ɗin nan gara ka saya ma akuya, ranar da inji ya tsaya ka saida ta.

Abin da ya fi garanti muhimmanci shi ne takardu. Na farko faktir, wato takardar saye, mai sunan shago da hatimi da kwanan wata da sunanka daidai da na katin ɗan ƙasa. Na biyu takardar duwan. Da su ne ake neman kart giriz da lamba da asurans. Kowane moto yana da lambar jiki da aka buga bisa ƙarfen wuyanshi, ƙarƙashin kai, da wata kuma bisa inji. Sai ka duƙa ka karanta su ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da na takarda. In harafi ɗaya ya saɓa, takardar ta wani moto ce. Makiyayin da muke tare shi ya karanta da kanshi, yana bi da yatsa, yaran shago suna kallo.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin nan. Ɓarayi da ƴan bindiga da babura suke aiki. Saboda su gwamnati ta hana hawan moto a jihar Difa a 2015, da wasu sassa na Tilaberi a 2020. Ko inda ba a hana ba, jandarma suna tambayar takarda. Wanda aka kama da moton sata, kafin ya bayyana cewa saye ya yi, ya sha wuya.

Wasu sun ba mu shawara mu ƙarasa Jibiya, cikin Najeriya, ta hanyar Ɗan Isa. Gaskiya ne naira ta faɗi. A farkon 2023 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira 500 ba wajen banki, a 2024 ta wuce 1,500. Mai sefa yana jin shi babba ne a kasuwar can. Amma sai ka haɗa da kuɗin canji, da na hanya, da na duwan. In ka biyo daji don ka kauce ma duwan, kullum cikin tsoro kake, kuma ranar da aka kama moton ya tafi. Ga kuma iyaka. Najeriya ta rufe ta daga Agusta 2019 har Disamba 2020. An sake rufe ta a 2023, sai Maris 2024 aka buɗe. Mai garantin Jibiya a wancan lokaci, ina zai kai motonshi? Ba mu je ba.

Kafin mu bar gida mun zauna da makaniken da ke gyara a kasuwarmu, kuma maganarshi ce ta fi yi mana amfani. Shi ya gaya mana irin baburan da kayansu suke samuwa a Tasawa da Mayahi, da wanda in ya lalace sai an aika Maraɗi ko Katsina. Ya ce sabon moto na kwali yara ne suke haɗa shi da sauri, a kawo mishi ya bi kowane noti ya ɗaure. Ya ce a juye man da ya zo da shi tun da wuri. Ya ce kilomita 1,000 na farko a bi a hankali, ban da gudu, ban da lodi.

Manomin ya saya a shago na huɗu, mai garantin wata uku. Ba shi ne mafi araha ba. Amma da muka matsa, ya yarda aka rubuta wata ukun a bayan faktir, aka sa hatimi, aka rubuta cewa inji kaɗai ya shafa. Bai karɓi ko dala bisa wannan ba, kuma ya ƙara mana hular kwano. Makiyayin ya ce shi sai gab da Babbar Salla, lokacin da raguna suke kuɗi. Ya maida littafinshi aljihu.

Da za mu komo ba mu bi ta Tasawa ba. A Caduwa muka karya muka yi arewa zuwa Mayahi, manomin yana tuƙi a hankali, mu muna mota. Daga Mayahi muka gangaro gida da la'asar.

Lambar jikin moto haruffa ce da alƙaluma 17. Ba a sa harafin I, ko O, ko Q cikinta, don kada a ruɗe su da 1 da 0. Haruffan duk manya ne, wasu kuma kamar V da X ba mu saba da su ba cikin karatun Hausa. A wata mai kamawa za mu yi darasinsu a aji, bayan sallar isha'i. Duk mai moto ya zo da shi da takardunshi, ya zo da tocila.