Ƙidayar Kifi a Tabkin Kainji

Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da gonaki masu yawa a ƙasar Yawuri, kamun kifi ya zama babbar madogarar mutanen bakin tabki. A 1993 Nijeriya da Jamus suka haɗa kai don kyautata wannan sana'a, aka riƙa yi wa malaman ƙidaya kos.

Wani daga cikinsu, mutumin Yelwa, ya ɗauka abin ba wuya. A ganinsa, in an auna kifin masunta goma aka raba goma, an san rabon kowane masunci a tabkin. A wurin kos ne ya gane kurensa. Ashe masunta goma na ƙauye guda ruwansu ɗaya, irin komarsu ɗaya, watau kusan bakinsu ɗaya ne. Ba za su ba da labarin Wara ta ƙasar Ngaski ba, balle na Shanga. Tilas a yi lissafi hawa hawa: masunci cikin ƙauyensa, ƙauye cikin yankinsa, sa'an nan a raba bambancin mutum da mutum da na wuri da wuri.

Abin ba wasa ba ne, gama da irin wannan ƙidaya hukuma ke kafa doka, kamar hana su da dala a 1999. In malami ya yi kure a takarda, lalle masunci ne zai biya da abincin iyalinsa.