Guzurin Mai Shiga Kogon Mutanen Da

Tafiya iri iri ce, kowace kuwa da irin guzurinta. Mai zuwa fatauci ya tanadi jari, mai zuwa gaisuwa ya riƙa tsaraba. Amma mai niyyar shiga kogon da mutanen da suka girmama, babban guzurinsa ladabi ne.

Wani malamin makaranta a Kakuri, hayin kudu na Kogin Kaduna, ya ƙudura niyyar kai almajiransa Birnin Kudu, cikin Jihar Jigawa, su ga zane-zanen da ke jikin duwatsun garin. Hanyar da nisa: a haye gada, a bi ta Zariya da Kano, a ƙetare Wudil, kana a isa. Shahararru cikin duwatsun su ne Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Kogwanninsu ba su da zurfi ƙwarai, rumfuna ne na dutse. A cikinsu akwai siffofin shanu marasa tozo, watau ba irin shanun Filani na yau ba. Akwai kuma duwatsu waɗanda in an buga su sai su yi amo kamar kuge, har wurin bugun ya lotsa saboda daɗewa. Wani Bature, Bernard Fagg, ya ba da labarinsu a taron masana a Livingstone cikin 1955. Ya kuma rubuta cewa amaren garin sukan ziyarci dutse sa'ad da za a yi bikinsu.

Malamin ya fara da abin da ido ke gani. Ya ce kowane yaro ya zo da takalmi mai kama dutse, da gorar ruwa, da tocila domin lungu, gama inuwar dutse masaukin maciji ce da kunama. Ya aika wa mai tsaron wurin tun da wuri, don ya yi musu jagora. Ya hana zuwa da alli da gawayi da wuƙa.

Da labari ya kai kunnen kawunsa, tsohon ma'aikacin masaƙa, sai ya kira shi ya ce, "Ɗana, me ya haɗa 'ya'yan Musulmi da wurin tsafi?" Malamin ya durƙusa ya ce, "Kawu, ba yanka za mu kai ba, ba kuwa roƙo. Za mu duba ne mu san waɗanda suka riga mu zama a ƙasan nan, da irin dabbobin da suka yi kiwo." Tsohon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Amma ka tsare bakinsu. Kada su yi wa matattu ba'a."

Wannan magana ta zama rabin darasin. Sauran rabin malamin ya ɗauko shi daga ƙasar Beliz, a Amurka ta Tsakiya. Can akwai kogon Actun Tunichil Muknal, inda mutanen Maya suka kai hadaya ga allolinsu fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Tukwanensu da ƙasusuwan waɗanda aka yi hadaya da su suna nan inda aka bar su. Ba a shiga sai da jagora mai izini. Baƙo ya yi iyo a bakin kogon, in ya isa ɗakin ƙasusuwa ya tuɓe takalmi ya taka da safa. Cikin 2012 na'urar ɗaukar hoto ta suɓuce daga hannun wani baƙo ta fasa ƙoƙon kan mutum, daga nan aka hana shiga da ita. Abin da ya tsira ƙarni goma, ganganci ya lalata shi cikin ƙiftawar ido.

Haka zanen Birnin Kudu yake. Gumin tafin hannu yana cin launi, ruwan da ake watsawa don hoto ya fito yana wanke shi, sunan da yaro ya kankara kuwa ba ya gogewa. In gini ya rushe a kira magini, amma wanda ya zana shanun nan ba mai sake kiransa. Saboda haka dokar ayarin ta zama uku: a bi sawun jagora, a riƙe hannu a baya, a sassauta murya.