Gwiwar Hannun Ƙanena

Mai karatu, lanƙwasa hannunka ka shafa gwiwar. Ka ji ƙulu biyu, ciki da waje? To, ƙarshen ƙashin dantse ke nan. A wurin ya baje, ƙasusuwan sangalin hannu biyu suka hau kansa suna buɗewa da rufewa kamar ƙyaure. Ta bayan ƙulun ciki wata jijiya ta bi. Ita ce in ka buge ta kake jin zirrr har ƙaramin yatsa.

Sama kaɗan da gaɓar kuwa ƙashin ba kauri, musamman a jikin yara. Nan ƙanena ya karye a Gwammaja, ya diro daga katanga, wai shi jarumin fim ɗin Indiya. Mai ɗori ya jera kara ya ɗaure tamau. Kafin asuba yatsu sun kumbura, sun yi sanyi ƙalau. Inna ta ce a bari, ɗori ya gaji haka. Ni dai na saɓa shi sai Asibitin Ƙashi na Dala.

Likita ya ce babbar jijiyar jini ta gaban karayar take wucewa, ɗaurin ya shaƙe ta. Da mun ƙara kwana, sai dai a yanke hannun.

Har yau bai miƙewa sosai, amma da shi yake ɗinki.