Labulen Mallawa

Ka tambaye ni, abokina, me zai kai mai rubuta allunan shaguna a Fagge har Mallawa ta Nijar, alhali aikin ba na kuɗi ba ne. Wani malamin makaranta ne na can, wanda muka saba da shi don yakan shigo Kano sayayya, ya ce matasan garinsu sun shirya wasan kwaikwayo na bayan girbi. Labari ya samu, 'yan wasa sun samu, saura mai zana musu labulen baya. Na ce in Allah ya yarda zan zo. Na shiga Kantin Kwari na yanko akoko, tela ya haɗa mini shi gida biyu manya-manya, na zuba burushi da garin launi a buhu, na kama motar Gumel.

Ranar Alhamis muka isa Maigatari, kasuwa na ci, raƙuma da shanun Nijar sun cika kara. Nan na canji naira da sefa, nan kuma lissafina ya fara tangarɗa. Mai fura ta ce mini dala ashirin, na tsaya ina duban kuɗin da ke hannuna, sai wani yaro ya zaro ƙwandalar da aka rubuta 100 a kanta ya miƙa mata. Ashe dala ɗaya sefa biyar ce, takardar 1,000 kuma jikka ake ce mata. Hausar da na tashi da ita ce ake yi, amma sai da na nemi tafinta kafin in sha fura.

Daga iyaka zuwa Dungas hanya ba tsawo. Dungas ɗin a da ƙarƙashin Magariya take, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, Mallawa kuma ɗaya ce cikin ƙananan hukumominta. Daga nan sai babur, kabu-kabu inji su, cikin rairayi. Ni da na ɗauka da an tsallaka iyaka sai fako, sai ga gonaki cike da gawo, wani na bin wani har iyakar gani. Mai babur ya ce ba wanda ya dasa su. Manomi ne kan bar tohon da ya fito da kansa, ya rage rassa, ya tsare shi daga gatari, abin da suke kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman kudancin Nijar sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a hekta miliyan 5 ta wannan hanya, kuma yankin Magariya da Matamai da Mirya na cikin inda abin ya fi kama ƙasa. Awoyi kaɗan ne tsakaninmu da su, ban taɓa jin labarin ba.

Da safe malam ya kai ni wurin wasa. Na tambayi dandamali, ya nuna mini filin makaranta, lakwal kamar yadda suke faɗa: bangon aji a baya, rairayi a gaba, shi ke nan. Wani dattijo da ke zaune a inuwa ya lura da fuskata ya ce, "Ɗana, mu da muka yi teyatur a zamanin samariya, zana biyu da tabarma muke kafawa, kuma gari ya taru." Daga bakinsa na ji yadda Seyni Kunce, bayan ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da ƙungiyoyin samariya gari-gari, aka riƙa gasar wasa daga ƙauye zuwa jiha har bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976. Ya ambaci ɗan wasa Yazi Dogo da irin girmamawar da mu muke ambaton Samanja da Ƙasimu Yero. Ya kuma ba ni labarin wasan kara na Damagaram, inda samari ke kwaikwayon sarki da fadawa da manyan gwamnati a idon jama'a. Na fahimci cewa ba wasa na kawo wa mutanen nan ba. Baƙo ne ni mai burushi, kuma labulena zai shiga al'adar da ta daɗe tana tafiya ba tare da shi ba.

Wasan nasu kan ci-rani ne. Wata uwa ce hatsi ya ƙare mata tun kafin bazara, ta ɗauki 'ya'yanta ta nufi Aljeriya bara. A can ba wanda ke ɗaukar wannan a matsayin ƙage. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasari mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kuma da yawansu daga Kance suke, cikin wannan jiha ta Damagaram. Saboda haka labule biyu ake so, ɗaya gida, ɗaya sahara.

Muka shimfiɗa akoko a ƙasan aji muka danne gefuna da duwatsu. Fentin mai ba ya yi wa wannan aiki, don yana ƙyalli a gaban fitila, yana kuma sandarar da yadi. Sai muka jiƙa ƙaro ya kwana, muka tace, muka dama shi da farar ƙasa muka yi shafen farko. Ja daga jar ƙasar bakin tafki, baƙi daga gawayin da 'yan mata suka daka suka tankaɗe, shuɗi kuwa bular wanki. Garin launin da na ɗauko daga Kano rawaya da kore kawai muka taɓa. Na koya wa yara yadda ake turmusa zare cikin gawayi, mutum biyu su ja shi, na uku ya ɗaga tsakiya ya saki, layi ya fito sak. Da shi muka raba yadin gida-gida, muka ɗauko ƙaramin zanen da ke takarda muka faɗaɗa. Na gaya musu abin da allon shago ya koya mini: wanda ke nesa kake yi wa zane, saboda haka layi ya yi kauri, ƙananan ado a bar su. Launin ruwa kuma yakan yi haske in ya bushe, kada jiƙaƙƙensa ya ruɗe ka.

Su ma sun koya mini nasu. Zan fara itacen da ke bayan gidan, sai yarinyar da ke fitowa a uwa ta ce, "Yaya, wane lokaci ne a zanen?" Na ce bayan girbi. Ta ce to gawo ya fito da ganye sosai, don da damina ne yake tsirara. Rumbu ma sai da aka kai ni na ga na gidan su wani yaro, yadda yake zaune a kan duwatsu da yadda jinkarsa ta sauko. Mutumin birni zai zana kowane rumbu ya wuce. Su kuwa so suke mai kallo ya ce wannan bayan gidanmu ne, domin in bai ce haka ba, tafiyar matar ba za ta yi masa ciwo ba.

Labulen sahara ne muka yi gardama a kansa. Ina so in zuba tuddan rairayi da rana ja. Malam ya ce, "Maigida, bar shi haka." Launin akokon da kansa rairayi ne, inji shi, kuma waɗanda suka je suka dawo sun ce abin da ke firgita mutum a can shi ne rashin abin kallo. Layi ɗaya muka ja daga gefe zuwa gefe, inda ƙasa ta haɗu da sama. Yau in ka tambaye ni, wannan labulen ya fi ɗayan aiki, kuma hukuncin malam ne.

Daren wasa iskar hunturu ta taso. Muka zura gora a kalmasar ƙasa, yara biyu suka tsuguna a baya suna riƙe. Fitilun sola uku aka rataya. Mata a gefe guda, maza a gefe guda, yara a gaba har suna taɓa ƙafafun 'yan wasa, wasu ma sun zagaya bayan labule suna kallo ta can. Mutane na amsa wa 'yan wasa magana. Da matar ta ɗaure kayanta, wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Kar ki tafi, ɗiyata!" Da aka saki labule na biyu a kan na farko, surutun yaran ma ya tsaya.

A komowa na bi ta Damagaram, wadda ita ce babban birnin Nijar har 1926. Na yini a unguwar Birni da Zango ina duban fuskokin gidajen ƙasa, dagi da sauran zane da magina suka fito da su a jikin yaɓe aka bi da launi. Irinsu ne muke rushewa a cikin badala muna ɗora bulo. Na kwafi wasu a littafina, don matasan Mallawa sun ce wasansu na gaba a ƙofar fada zai gudana, kuma su za su zana labulen da kansu. Burushina na wurinsu. Abin da suka roƙa shi ne in wani zai zo daga Kano a aiko musu da akoko, ya fi araha a Kwari.