Tamaula A Amurka: Baƙuwar Da Ta Tarar Da Kasuwa Ta Cika

Ku 'yan makaranta, na san in an tambaye ku wane wasa ne sarkin wasanni, kafin mai tambaya ya rufe baki za ku ce tamaula, watau ƙwallon ƙafa. Kuna kuwa da gaskiya, gama tun daga Birazil har Masar, daga Ingila har ƙauyukanmu inda yara ke ƙulla tsumma su yi ta shuri sai almuru ta raba su, babu wasan da ya kai ta jama'a. Amma akwai wata babbar ƙasa, ga dukiya, ga mutane, ga son wasa kamar me, wadda tamaula ta yi shekara fiye da ɗari tana sallama a ƙofarta ana ce mata ta dakata. Ƙasar nan ita ce Amurka. Na daɗe ina bin labarin, kuma ga abin da ni dai na gani, ko da wani zai yi mini gardama: tamaula ta zo kasuwa a makare, ta iske kowace rumfa da mai ita, sai ta shiga aro. Ta ari fili, ta ari 'yan wasa, har dokoki ma sai da ta ara. Zanen aro kuwa, an ce, ba ya rufe katara.

A 1863 aka zauna a London aka rubuta dokokin tamaula. Bayan shekara shida, ran 6 ga Nuwamba 1869, wasu manyan makarantu biyu na Amurka, Rutgers da Princeton, suka kara, wasan da suka yi kuwa ya fi kama da namu, da ƙafa ake buga ƙwallo. Da an bi wannan hanya da labarin ya sake. Amma a 1874 makarantar Harvard ta yi wasa da baƙi daga makarantar McGill ta Kanada, ta ga zari-ruga, watau wanda ake rungumar ƙwallo a sheƙa da gudu, ta ce ita wannan ya yi mata. Sauran makarantu suka bi. Tun daga 1880 wani ɗan makarantar Yale, Walter Camp, ya yi ta gyara dokokinsa har ya zama wani wasa dabam na Amurka kaɗai. Har sunan ma ya ƙwace. In Ba'amurke ya ce futbol, wannan yake nufi. Tamu sai dai ya ce da ita soka.

Ina so ku lura da wannan wuri da kyau, domin ku ya shafa. Abin da 'yan makaranta suka ɗauka yau shi ne abin da ƙasa ke ɗauka bayan shekara ashirin, gama su ne za su zama malamai, da masu rubuta jaridu, da masu kuɗi. Mu nan ta hannun makarantu tamaula ta bazu. Can kuwa makarantu ne suka fara juya mata baya.

Kuma ba zari-ruga kaɗai ba ne ya riga ta. Akwai besbol, wanda ake dukan 'yar ƙwallo da kulki. Tun 1869 aka sami ƙungiya a Cincinnati wadda ke biyan 'yan wasanta albashi a fili, a 1876 kuma aka kafa gamayyar manyan ƙungiyoyinsa. Ƙwallon kwando ya zo a 1891, wani malami James Naismith ya ƙago shi don yara su sami abin yi a ɗaki in sanyi ya matsa. To, sai suka raba shekara tsakaninsu: besbol daga Afrilu zuwa Oktoba, zari-ruga daga Satumba har sabuwar shekara, kwando ya riƙe watannin sanyi. Kun san yadda dambe da kokawa ke da lokacinsu bayan an kawar da amfanin gona. Ku ƙaddara wani ya zo da sabon wasa ya ce shi ma a wannan lokaci, a wannan dandali, da waɗannan makaɗa zai yi nasa. Wa zai tashi ya ba shi wuri?

Aron fili ya fara a 1894. Masu ƙungiyoyin besbol guda shida suka ga filayensu na zaman banza da sanyi, suka ce bari su kafa gamayyar tamaula ta kuɗi. Ba don sun ƙaunace ta ba, don kada fili ya kwana ba riba. Ko wata guda ba a yi ba abin ya watse.

Zamanin da ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya fara a 1921, domin a nan tamaula ta kusa yin saiwa. A garuruwan masaƙu da maƙeran ƙarfe na gabashin ƙasar akwai 'yan ci-rani daga Ingila, da Sikotlan, da sauran ƙasashen Turai, waɗanda suka zo da son wasan a ƙirjinsu. Kamfanin ƙarfe na Bethlehem ya riƙe ƙungiya, ya riƙa ɗauko gwanaye daga ƙetare da albashin da ya fi na gida. Wani ɗan wasansu, Archie Stark, haifaffen Glasgow, ya jefa ƙwallo 67 a raga a kakar wasa ta 1924 zuwa 1925. A Fall River kuwa, garin masaƙa, dokar jiharsu ta Massachusetts ta hana wasan kuɗi ran Lahadi, alhali ita ce ranar da leburori ke da hutu. Sai mai ƙungiyar, Sam Mark, ya tsallaka iyaka kaɗan ya gina filinsa a jihar Rhode Island. Kullum na tuna da dabarar mutumin nan sai in yi murmushi. A 1926 wata ƙungiya daga Vienna ta kawo ziyara New York, mutum 46,000 suka taru kallo.

Ana cikin wannan daɗi sai shugabanni suka kama faɗa. A 1928 gamayyar ta saɓa da hukumar tamaula ta ƙasar a kan wata gasar kofi, aka kori waɗansu ƙungiyoyi, aka rabu gida biyu. Kafin rauni ya warke, karayar tattalin arziki ta 1929 ta auko, masaƙu suka rage ma'aikata, mai kuɗin shiga kallo ya koma neman na tuwo. A 1933 gamayyar ta mutu. Besbol ma ya sha wuyar shekarun nan, amma ya rayu, don shi ɗan gida ne: uba ya gada wurin kaka, ya kuma kai ɗansa kallo. Ɗan baƙo kuwa, in yana so a ce da shi Ba'amurke, sai ya yar da wasan ubansa ya ɗauki kulki. Har a 1950, sa'ad da Amurka ta ci Ingila ɗaya da nema a gasar kofin duniya a Birazil, abin da ya girgiza Turai, ɗan jarida guda ɗaya tak ya zo daga Amurka, shi ma da kuɗin aljihunsa.

Sa'an nan aka shiga aron gwanaye gadan-gadan. An kafa sabuwar gamayya a 1968 da ƙungiya 17, shekara na zagayowa saura biyar. A 1975 ƙungiyar Cosmos ta New York ta zuba kuɗi ta ɗauko Pele na Birazil, bayan shekara biyu ta ƙara da Beckenbauer na Jamus. Jama'a suka ɓarke. A Agusta 1977 mutum 77,691 suka shiga kallon wasa guda. Sauran attajirai suka ga haka, kowa ya ce shi ma, ƙungiyoyi suka kai 24, kowace na cin bashi tana sayen tsofaffin gwanayen Turai. Suka kuma taɓa dokoki don su faranta wa wanda ya saba da waɗansu wasanni rai, har suka ce ba a tashi kunnen doki, sai an yi ta bugu an fid da gwani. Ni a ganina jama'ar nan Pele suka zo gani, kamar yadda ake fita kallon giwa in an kawo ta gari. Da giwa ta tafi kowa ya koma gida. Bayan kakar 1984 gamayyar ta rufe.

Amma wani abu na tsirowa a ƙasa wanda masu kuɗin ba su kula da shi ba. Yara sun fara buga tamaula a unguwanni da makarantu, musamman 'yan mata, domin wata doka ta 1972 ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati fifita maza a kan mata, har a wajen wasa. 'Yan matan nan, waɗanda ba a aro ko ɗaya daga waje ba, su suka ci kofin duniya na mata a 1991, suka sake ci a 1999 a gaban mutum 90,185.

Na tuna da 1994, shekarar da aka kai gasar kofin duniya ta maza Amurka, wadda kuma ita ce zuwan Nijeriya na farko. Muna zaune tsakar dare gaban talabijin sa'ad da Rashidi Yekini ya ci Bulgeriya a Dallas, ya shiga raga ya kama ta yana kuka. Wani dattijo da ke kusa da ni bai ce kome a kan ƙwallon ba, sai ya nuna taron 'yan kallo ya tambaya, in baƙi sun watse wa zai zauna a kujerun nan? Mutum fiye da miliyan uku da rabi suka kalli gasar, amma filayen duka na aro ne, yawancinsu na zari-ruga.

Gamayyar da ke ci yanzu ta fara a 1996 da ƙungiya goma, ta kuma soma da halin magabatanta. A manyan filayen zari-ruga ake wasa, inda mutum dubu goma sha biyar ke zama kamar tsaba a faifai, ga zanen wancan wasa a ƙasa yana rikita ido. Hasara ta yi yawa har a farkon 2002 aka rushe ƙungiyoyi biyu na Florida. Abin da ya cece ta, in kun tambaye ni, gini ne. A 1999 wani attajiri, Lamar Hunt, ya gina wa ƙungiyar Columbus fili nata na kanta, madaidaici, wanda in ya cika ana jin ihu, kuɗin ƙofa kuma ba a raba shi da mai gida. Bayan kakar wannan shekara aka watsar da dokokin aro aka koma irin na duniya. Garuruwa suka yi ta gina nasu. Saboda haka da David Beckham ya zo Los Angeles a 2007, da Lionel Messi ya zo Miami a 2023, sun iske gida a kafe, ba kamar Pele ba. A 2025 ƙungiyoyi suka kai talatin.

Kada fa ku ce ta ci kasuwa. Wasan ƙarshe na zari-ruga na tara mutum fiye da miliyan ɗari gaban talabijin, na tamaula ko kusa bai kama ƙafarsa ba. Ga kuma sabuwar kishiya wadda ba a zata ba, watau tamaular waje. Masu kallon gasar Meziko da ta Ingila a talabijin can sun fi masu kallon ta gida, abin da mu ma muka sani a gidajen kallo na garuruwanmu. Saboda bambancin lokaci, wasan da ake yi da rana a Manchester da safe yake isa New York. Sai ka ga saurayi ya yi sammako ran Asabar, ya sa rigar wata ƙungiyar Ingila ya yi ta ihu, da maraice kuwa ana wasa a filin garinsu, shi yana gida yana barci.